Kurege da Rumbun da Ba Ya Ƙarewa

Ga ta nan ta taso, ku gyara zama. Wanda ya ji ta ya riƙe, wanda ya yi gyangyaɗi kuma gobe ya roƙi na kusa da shi ya maimaita masa.

A can Kwarin Gawo, inda namun daji suke noma tare kamar 'yan ɗaki ɗaya, akwai wani rumbun tsimi na gari. In an cire gyaɗa da kaka, kowa ya ɗebi ta ci ya kai gida, sauran a zuba a wannan rumbu a rufe. Ba a taɓa ta sai ruwa ya sauka, sannan a buɗe a raba iri. Rumbu ne dogo na laka, an ɗora shi a kan duwatsu, bakinsa yana can sama, cikinsa kuwa an shafe shi sumul, ko ƙadangare ne ya faɗa sai dai ya yi ta addu'a. Ɓauna ne sarkin noma, shi ke da iko da rumbun. Kura aka ba gadi. Kada ku yi mamaki, ajiyar nama ce ba a ba kura, gyaɗa kam ko kallo ba ta ishe ta ba.

Akwai kuma Kurege. Ɗan mitsitsi ne, ido ƙwala-ƙwala, wutsiyarsa ta fi shi girma, cikinsa kuma ya fi wutsiyar. Ranar gayya ciwon baya ke kama shi, ranar rabo ya warke sarai. Da gari suka gane shi suka daina sa shi cikin rabo, shi kuma ya sa wa rumbun tsimi ido.

Abin da ya hana Kurege sakat ba ƙahon Ɓauna ba ne, ba haƙoran Kura ba ne. Wata gora ce. A garin akwai makaranta a gindin tsamiya, inda tsohon Kunkuru yake koya wa yara awo da mudu, da kamu da taƙi, da yadda ake kasa abu kashi-kashi ba tare da an yi dambe ba. Al'adar garin kuwa, duk ranar kasuwa 'yan makaranta ne ke zuwa duba rumbu, tunda manya sun yi nauyin hawa. Sai su ɗauko wata doguwar gora mai tsayin rumbun, Cindo ɗan Biri ya hau ya zura ta har ta taɓa gyaɗa. A jikin gorar akwai tsaga. In tsagar ta tsaya daidai bakin rumbu, to lafiya. In ta nutse, an yi ɓarna.

Bara waccan gorar ce ta tona asirin Kurege. Ya ɗan yi kwanaki yana shiga yana fita, ranar kasuwa tsaga ta nutse da taƙi guda, aka yi masa kwanto, aka kama shi, aka yi masa dukan da har yau in hadari ya haɗo sai haƙarƙarinsa ya tuna. Aka kore shi daga garin.

To, ga bazara ta sake zagayowa. Ƙasa ta bushe ƙamas, ko ƙwayar ciyawa babu. Kurege yana kwance cikin sarƙaƙiya, cikinsa yana kiran ciroma, yana hango ƙoƙuwar rumbu daga nesa. In bai shiga rumbun nan ba, ba zai ga damina ba, wannan ya sani. Ya juya dama, ya juya hagu, can sai ya yi zumbur ya miƙe a kan ƙafafunsa na baya ya buga ƙirji.

"Ni ne Kurege, ƙaramin da ke sa manya zufa! Kura ta ɗauki ƙarfi, Ɓauna ya ɗauki ƙaho, da aka zo rabon kai ni kaɗai aka tarar a wurin. Bara gora ta kama ni, bana ni zan kama gora!"

Da gari ya waye sai ga wani baƙo ya shigo Kwarin Gawo yana taku ɗai-ɗai. Babbar riga har tana jan ƙasa, tabarau na karan dawa a hanci, ga wani tiƙeƙen rawani da ya fi kansa girma sau uku. Rawanin nan kuwa ba komai ba ne illa wutsiya. Ya bi da ita ta cikin riga ta baya, ya naɗe ta a ka, ya lulluɓe da tsumma.

Ya tarar gari ya taru a gindin tsamiya ana sauraron yara suna biya karatu. Kunkuru yana ta jan murya, "Mudu biyu da mudu biyu," yara suna amsawa da hamma. A gaskiya Kunkuru ma yana da nasa laifin. Abin da ya koya wa kakanni shi yake koya wa jikoki, ko wasali bai canja ba. Wata rana Cindo ya taɓa tambayarsa nisan da ke tsakaninsu da wata, sai ya ce masa, "Za ka je ne?" Tun daga ranar yaron bai sake tambaya ba.

Baƙo ya yi sallama, aka amsa, aka ba shi wuri. Ɓauna ya ce, "Maraba da baƙo. Daga ina, zuwa ina?"

"Ranka ya daɗe, sunana Malam Na-Bayan-Teku. Lissafi nake koyarwa a ƙasashen da rana take kwana. Wucewa nake, na ji muryar yara na ce bari in tsaya in sa albarka." Ya gyara tabarau, ya dubi wata 'yar maraƙa a sahun gaba. "Wannan kyakkyawar ta wa ce?"

Ɓauna ya kumbura. "Tawa ce. Lanti ke nan."

"Lanti, 'yata, me kika sani?"

Lanti ta ce, "Na san mudu nawa ke cika ƙwarya, Malam. Kuma na iya raba gyaɗa kashi uku ba a yi rigima ba."

Sai baƙo ya kama gefen riga ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Aka ruɗe, ana tambayar ko lafiya.

"Ku bar ni in yi kukana," in ji shi. "Ɗiyar sarkin noma guda, an mai da ta 'yar awo a bakin kasuwa! A bayan teku, 'ya'yan ɓauna tun ƙahonsu bai tsiro ba sun san nauyin wata."

Ɓauna ya buɗe baki. "Nauyin wata?"

"Har da na inuwarsa, ranka ya daɗe."

Kura ta matso tana jan ƙafa. "Allah gafarta Malam, 'ya'yan kuraye fa?"

"Su ai taurari suke ƙirgawa da rana tsaka, uwar ɗakina."

Kura ta juya ta harari ɗanta Mantau, wanda ke can baya yana cin ƙuda, ta kai masa rankwashi ba laifin tsaye ba na zaune.

Kunkuru ya miƙo wuya a hankali ya ce, "Baƙo, wata dai ba ya shiga tukunya."

"Shi ya sa, tsoho, shekara da shekaru hancinka yana ƙasa, ba ka taɓa ɗaga kai ka ga abin da Allah ya rataye a sama ba."

Yara suka kwashe da dariya, iyaye suka taya su. Kunkuru ya ji zafin abin ƙwarai. Ya mai da kai cikin ƙoƙonsa, can ya fito da shi, ya kama hanyar bakin rafi ko waiwaye bai yi ba. Ya daɗe yana tafiyar fushin nan kafin ya ɓace musu, kun san tafiyar kunkuru.

Nan take gari ya hau roƙon baƙo ya zauna. Ya ƙi, aka roƙa, ya ƙi, aka kama ƙafa, sannan ya yi ajiyar zuciya. Ɓauna ya tambayi ladansa.

"Lada? Ni ko ƙwayar gyaɗa ba na karɓa. Ilmi ba na sayarwa ba ne." Jama'a suka yi ta jinjina kai, ana cewa yau an ga na Allah. "Abu biyu kawai nake so. A mai da makaranta gindin rumbu, don bangonsa zai yi daɗin rubutu. Sannan waccan sandar da na gani a jingine, ta mece ce?"

Aka yi masa bayanin gora da tsagarta.

Ya dafe rawani. "Kada baƙi su ji wannan! A zamanin nan ana zura sanda a rami kamar masu neman gafiya? A kawar da ita, sandar jahilai ce."

Ɓauna bai gamsu ba, don shi ba wawa ba ne can can. "To Malam, yaya za mu san gyaɗarmu tana nan?"

"Da lissafi, ranka ya daɗe. Wanda ya san babban lissafi ba ya leƙe. Daga inda yake zaune yake sanin abin da ke cikin rumbu, da wanda ke cikin rumbun maƙwabta."

Ɓauna ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi. Ba ya so a ce sarkin noma ne bai waye ba. Da kansa ya taka gorar da kofato, ta ce ƙaras, ya sake takawa. Da itacenta aka hura wutar da aka dafa wa baƙo abincin maraba. Kurege ya ci ya suɗe hannu, yana kallon gora tana zama toka, daɗi kamar ya kwance rawani ya kaɗa wutsiya.

Da gari ya waye aka buɗe sabuwar makaranta. Malam ya ɗauki gawayi ya cika bangon rumbu da zane, wani kamar tsutsa ta sha giya, wani kamar sawun kaza a cikin taɓo. Ya ce, "Yau zan haɗa ku da Wane. Wane shi ne abin da ba a sani ba. Duk abin da kuka rasa kansa, ku ce a ƙaddara Wane ne, shi ke nan kun gama da shi."

Ku sani fa, babban lissafi na gaskiya yana nan, da masu shi, su ne ke auna gada kafin a gina, ba su nake yi wa dariya ba. Na Kurege ne abin dariya, don shi ko yatsun ƙafarsa bai taɓa ƙirgawa daidai ba.

"In shaho ya taso daga gabas," in ji shi, "ungulu ta taso daga yamma, iska tana kaɗawa daga kudu, shekarun kakar ungulu nawa?"

Can Mantau ɗan Kura ya ce, "Wane?"

"Madalla! Kura ta haifi ɗa!"

Yara fa suka ji daɗin makarantar nan. Ba mudu, ba ƙwarya, ba biya abu ɗaya har maƙogwaro ya bushe. Kullum ana sama, ana zancen wata da taurari, kuma kowace tambaya amsarta ɗaya.

Da rana ta take tsaka, Kura ta miƙe ƙafa a inuwa ta fara minshari kamar yadda ta saba, sai Malam ya ce, "Yanzu darasin rufe ido. Kowa ya runtse ya nemo Wane a cikin kansa. Wanda ya buɗe kafin in ce a buɗe, karatunsa zai tsiyaye ta kunne." Yara suka runtse gam, har da toshe kunnuwa. Kurege ya tattare riga, ya ɗare gawon da ke gefe, ya bi reshe, ya ture murfi, ya diro a kan gyaɗa. Ga ta nan dab da baki, fal. Ya ci, ya ci, ya ƙara, ya cika aljihu, ya yi ɗan tsalle ɗaya ya fito.

"Ni ne mai shiga ta sama, mai fita ta sama!" in ji shi a kan reshe yana sakace. "Masu gadi na barci, masu karatu na makanta, Malam na ƙiba!"

Haka aka yi ta yi. Riga ta fara matse Malam, wuya ya yi rinƙi-rinƙi. Jama'a suka ce albarkar ilmi ce. A gida kuwa, ran nan uwar Lanti ta ce ta raba wa ƙannenta dusa. Lanti ta tsaya a kan ƙwarya ta ce, "A ƙaddara dusar Wane ce." Kafin ta gama ƙaddarawa ƙannen sun kaure da faɗa sun kifar da ƙwaryar. Uwar ta kai ƙara, Ɓauna ya yi murmushi ya ce, "Ƙyale ta. Karatunta ya wuce dusa."

Da gari ya waye, wata rana, Kura ta tare Malam a bayan rumbu tun yara ba su iso ba. Ta shinshina shi daga rawani har ƙafa.

"Allah gafarta Malam, ƙanshin gyaɗa kake."

"Ƙanshin ilmi ne, uwar ɗakina. Suna kama."

"To wannan fa?" Ta buɗe dungunta, ga ɓawon gyaɗa. "A gindin gawo na tsinta, tuli guda. Ni aka ba amana. Yau zan ce wa sarkin noma a hau a leƙa."

Haƙarƙarin Kurege ya tuna bara. Amma bakinsa bai taɓa jiran zuciyarsa ba. Ya yi dariya ya tsinci wani kara a ƙasa.

"Zauna in ba ki abin da ko 'ya'yan sarakuna ba na ba su. Kin ga karan nan? Na karya shi biyu, na yar da rabi. Ya ƙare?"

"Da saura."

Ya sake karyawa ya yar da rabi. "Yanzu fa?"

"Da saura."

Ya yi ta karyawa yana yarwa, Kura tana cewa da saura, har abin ya koma kamar ƙwayar gero a kan farcensa.

"Ko ya ɓace wa idonki, rabin rabinsa yana nan. To a ce akwai ɓarawo, ban ce akwai ba, a ce kullum yana kwashe rabin abin da ke cikin rumbu. Yaushe zai ƙarar da shi?"

Kura ta yi ta juya ido, can ta ce a hankali, "Ba zai ƙarar ba."

"Har abada! Rabi ya tafi, rabi ya rage, abin da ake rabawa ba ya ƙarewa. To gadin me kike wahalar da kanki? Rumbunku ba ya ƙarewa, lissafi ya tabbatar."

Kura ta ji kamar an sauke mata dutse daga ka. Ta bi gari gida-gida tana karya kara tana nuna wa mutane, har da gyara murya irin ta Malam. Kafin azahar magana ta zama waƙa a bakin yara, ana tafi ana cewa rabi ya tafi, rabi ya rage.

Cindo ne kaɗai ya zauna yana ta tunani, don shi kansa yana ja. Ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ashe ke nan mai tafiya ma ba ya isa inda za shi? Sai ya ci rabin hanya, sannan rabin abin da ya rage, sannan rabin wancan. Kullum da saura."

Kurege, wanda hankalinsa ke kan rana ta yi tsaka, ya ce, "Haka ne, yaro, ka gane. Ku rubuta wannan ma."

Ita ƙarya, in an yi ta maimaita ta, mai ita ma yakan fara jin ta kamar gaskiya. Kurege ya shiga cin gyaɗa da zuciya ɗaya, yana cewa ai ba ta ƙarewa. Tsallen fita da yake yi sau ɗaya ya koma sai ya ja da baya ya yunƙura. Ya ce rigar ce ta yi nauyi. Daga baya sai ya yi tsalle biyu, uku, kafin ya kama baki. Ya ce tsufa ne. Abin da ko Mantau zai gane a makarantar Kunkuru, cewa in ana ɗiba tuli yana sauka, in tuli ya sauka baki yana nisa, shi bai taɓa zama ya lissafa ba.

Da gari ya waye, gabas ta yi baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta fara kaɗawa. Ɓauna ya sa aka yi shela cewa da zarar ruwa ya sauka za a buɗe rumbu a raba iri. Kurege ya ji, ya ce a ransa, "To, zama ya ƙare. Yau zan yi cin ban kwana, gobe Malam Na-Bayan-Teku ya koma bayan teku."

Rana ta yi tsaka, Kura ta yi minshari, yara suka runtse. Ya hau gawo, ya ture murfi, ya diro. Ya ji tafiyar ta ɗan yi tsawo kafin ya ji tim, amma yunwar ban kwana ba ta bar shi ya yi tunani ba. Ya ci na yau, ya ci na gobe, ya ci na hanya. Da ya ɗaga kai sai ya hango bakin rumbu can sama, ɗan ƙarami kamar faifai.

Ya ja da baya ya yi tsalle. Ya dawo. Ya tuɓe riga ya sake. Ya dawo. Ya kai wa bango farce, bango sumul, ya zamo ƙiii ya faɗo ta ka. Rawani ya warware, wutsiya ta baje. Ya tattara sauran gyaɗar wuri ɗaya ya hau, tulin bai kai ko gwiwar ɓauna ba. Nan fa ido ya raina fata.

"Yara!" Muryarsa ta yi amo cikin rumbu. "Ku buɗe ido! Cindo, hawo!"

Cindo ya hau ya leƙo. "Malam! Me kake yi a ciki?"

"Wane nake nema, na bi shi har nan. Maza miƙo min gorar nan ta awo."

"Sandar jahilai? Ai kai ka sa aka dafa maka abinci da ita."

Kurege ya ce, "To ku samo igiya. Ku auna tsayin rumbu daga waje, ku yanko daidai. Maza, kafin Kura ta farka!"

Yara suka taru a gindin rumbu. Lanti ta ce, "A ƙaddara igiyar Wane ce." Mantau ya ce a'a, rumbun ne Wane. Wani ya ce ai sai an san inda iska take kaɗawa. Aka ɗauko gawayi aka hau zane a bango, gardama ta kaure, ba wanda ya ko nufi inda igiya take.

"Ku bar Wane!" Kurege ya yi ƙara. "Kamu! Taƙi! Ku auna da hannu kamar yadda tsohon nan ya koya muku!"

"Mun manta, Malam," in ji Lanti. "Ka ce na 'yan kasuwa ne."

Sai Cindo ya buga tsalle a bakin rumbu, fuskarsa ta washe. "Na gano! Malam, igiya ma ba ta da amfani. In za ka fito, sai ka hau rabin tsayin, sannan rabin abin da ya rage, sannan rabin wancan. Kullum da saura. Ba za ka taɓa fitowa ba, Malam! Lissafi ya tabbatar!"

Yara suka ɗauki tafi da sowa. Wannan ne karo na farko da suka warware matsala da kansu, dole iyaye su ji. Kurege yana ihu, "Ku dawo! Kada ku kira kowa!" amma tuni sun watse cikin gari da gudu, har sun tattake Kura ta farka.

Kafin ka ce kwabo gari ya hallara. Ɓauna yana gaba yana taƙama, an ce masa yara sun yi abin kirki. Ya ɗaga kai ya ce, "Cindo, tunda kana sama, gyaɗa nawa ta rage?"

"Wane, ranka ya daɗe."

"Wane ɗin nawa ne?"

"Ba ta ƙarewa, ranka ya daɗe. Ina dai hango daɓen ƙasa ta gefe-gefe."

Murmushin Ɓauna ya ɗauke. "Malam fa, me yake yi a ciki?"

"Yana zaune. Rawaninsa ya zama wutsiya."

Kura ta ce a hankali, "Wutsiya mai gashi buzu-buzu?"

"Ita."

Ɓauna ya ja da baya, ya sunkuyar da kai, ya taho. Ƙaho ya haɗu da laka, rumbu ya dare gida biyu. Abin da ya zubo na gyaɗa bai cika kwando ba, sai ɓawo tuli, sai wani ƙaton kurege mai tabarau a karkace yana gangarowa a tsakiya. Irin shukar gari guda ke nan, ga hadari a ka. Wasu mata suka fashe da kuka, kuma abin kuka ne.

Kura ta cafke wutsiya. Kofato ya sauka, dungu ya sauka, har da masu ramuwar rankwashin da aka yi musu a banza. Kurege yana ta "Wayyo bayana! Ku tsaya in yi muku bayani da kara!" Can Ɓauna ya daka tsawa.

"Ku dakata! Kowane gida ya yi asara, kowane gida sai ya samu rabonsa na duka, kada wani ya ce an cuce shi. Lanti, ƙirga gidaje ki raba mana daidai."

Lanti ta fito tsakiya, ta gyara tsayuwa, ta ce, "A ƙaddara dukan Wane ne..."

Ɓauna ya yi wani irin nishi kamar an soke shi. Kowa ya juya yana kallon uba da 'ya. Kurege ya ga ƙofa. Ya tokare ƙafafunsa a hancin Kura, ya tattara ƙarfin gyaɗar da ya ci tun farkon bazara, ya fizga. Wutsiya ta ce tsat. Ya bar wa Kura rabi a baki, ya yi cikin sarƙaƙiya da sauran.

Da gari ya waye an sha ruwa, ƙasa ta yi laushi, ba irin shukawa. Ɓauna ya aika maƙwabta roƙon iri, shi kuma ya tafi bakin rafi da kansa, kai a ƙasa, ya ba Kunkuru haƙuri. Aka saro sabuwar gora. Suna cikin yi mata tsaga Cindo ya ce, "Malam, to amma don me mai tafiya yake isa, alhali kullum da sauran rabi?" Kunkuru ya buɗe baki zai ce za ka je ne, sai ya fasa. Ya sosa ƙeya ya ce, "Ban sani ba, yaro. Gama tsagar nan tukuna, mu zauna mu duba."

Sai suka ji fito daga ƙetaren rafi. Ga Kurege a kan suri, tsaye a kan ƙafafun baya, ido ɗaya a kumbure, jiki duk ƙulu-ƙulu, ciki kuwa har yanzu tim.

"Mutanen Kwarin Gawo, ina kwananku! Ni ne Malam Na-Bayan-Teku, na ci rumbu na bar muku karatu! Wa ya ce lissafina ƙarya ne?" Ya juya musu baya, ya ɗaga guntuwar wutsiyarsa ya kaɗa. "Ku duba da kyau! Rabi ya tafi, rabi ya rage!"

Kura ta yi kukan kura ta faɗa rafi. Kafin ta haye ya yi nisa, yana ɗingishi yana dariya, yana tambayar tsuntsaye ko akwai wani gari a gaba mai rumbu da makaranta.

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan guntun wutsiya. Wanda ya ce ƙarya na yi, ya je ya auna da gora.